Dubet ɗin da Yaya Ya Kawo wa Malam

Duk shekara in sanyi ya fara kama ƙafa, sai an tayar da gardamar nan a ofishin malamai mata na makarantar da nake koyarwa a Gaya. Wasu su ce babu kamar zanin gado da bargo, in kin ji sanyi ki ƙara, in kin ji zafi ki yaye ɗaya. Wasu kuma, musamman sababbin amare, su ce ai an wuce wurin, yanzu dubet ake yayi, ƙaton mayafin nan mai cike da auduga wanda ake zura wa riga kamar matashin kai, da kin baza shi gado ya haɗu. Ni da kowa ya san ba a gardama ban tsoma baki ba, ko ta farashin manja ce, a wannan ɗayar shiru nake yi. Har tsokanata suke wai ko da tabarma nake rufa. Ina da dalilina, kuma sai da na nemi izinin Inna kafin na zauna rubuta shi. Ta ce in rubuta, in dai ba zan kama sunan kowa ba. Na ce to Inna, ai wannan mai sauƙi ne, a gidanki na tashi.

A haihuwata ta fari abin ya faru. Bayan suna mijina ya ɗauko mana shatar A Daidaita Sahu daga Gaya, aka kai ni gidanmu a Toranke wankan jego, ni da jaririyata da ƙullin kayanmu. Lokacin an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sanyi yana ƙara ƙarfi kullum. Mahaifinmu, wanda mu da mutanen gari duk Malam muke ce masa, shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Amma shekara guda kafin zuwana ya miƙa wa na'ibinsa limanci, ya ce gwiwa ta hana shi doguwar tsayuwa. Na yarda, don na sha ganin sa yana shafa man zafi. Karatun zaure dai bai daina ba, manoma suna zuwa da littattafansu da hantsi da kuma bayan La'asar.

Abin da na fara lura da shi shanyar Inna ce. Kullum kafin rana ta fito igiya ta cika da tsofaffin zannuwanta na atamfa, waɗanda suka koɗe har ba a gane zanensu, kuma na san ta daina ɗaura su tun ina 'yar makaranta. Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Na ce, "Inna, wai sana'ar wankau kika kama ne ba mu sani ba?" Ta ce in ji da 'yata, ga ta can tana neman nono. Na yi shiru, amma idona bai yi ba. Na ga in ta ɗora ƙatuwar tukunyar ruwan wankana da ganyen darbejiya, bokitin farko ba nawa ba ne, bayan ɗakin Malam take kai shi. Na ga tana shiga turakarsa da zarar ya fita masallaci, ta fito da ƙunshi a hammata, ta wuce bakin rijiya ba ta kallon kowa.

Wata safiya bayanta ya riƙe, ta sunkuya ɗaukar ƙunshin ta kasa miƙewa. Na shiga na same ta dafe da gado. A nan ne dole ta sa ta faɗa mini, kuma ba ta yi wani kwana-kwana ba.

"Mahaifinki fitsari ba ya riƙe masa in barci ya ɗauke shi," in ji ta. "Kin ji, kin kuma manta. Shi bai san kin sani ba, kuma ba zai sani ba."

Ta nuna mini yadda take yi, don in taya ta har bayan nata ya saki. A kan katifa leda ce irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai. A kan ledar tsofaffin zannuwa, an rufe ta ruf har ba ta ƙara in an motsa. In ya kwanta, wani zanin ne yake fara rufa da shi, sannan tsohon bargonsa mai ruwan ƙasa ya hau sama, don haka bargon ba ya jiƙa sai dai a shanya shi ya sha iska. Zanin gadon kirki kuwa, mai manyan furanni, ta ninke shi ta sa a akwati. Na tambaye ta dalili. Ta kalle ni kamar wadda ba ta da wayo. Ta ce zanin gado a kan igiya kullum safiya tambaya ce, amma wa ya taɓa tsayawa ƙirga zanin mace? Ta ce ni ma Allah ne ya kawo ni, gidan da ake jego ko me aka shanya ba mai mamaki.

Wanda bai san ƙauye ba zai ce mene ne abin ɓoyo a ciwo. Gaskiya ne, ciwo ba laifi ba ne, kuma mutanen Toranke ba mugaye ba ne. Amma dangar gidanmu ta kara ce, wanda ke kan babur yana hango igiyarmu. Kuma Malam shi ne mutumin da magidanta ke zuwa su rage murya su tambaya me ke karya alwala, yaya ake tsarkake tufa. Da maganar ta fita ba dariya za a yi ba, tausayi za a ji, a riƙa cewa Allah sarki Malam, tsufa ya zo. Na san mahaifina. Da a ji tausayinsa a kan wannan, gara ya rufe zaurensa ya daina fita. Abin da Inna take karewa ke nan da hannuwanta a cikin ruwan sanyi kowace asuba.

Asibiti kuwa Malam ya ƙi zuwa. Inna ta yi magana har ta gaji. Don in za a je, wa zai kai shi? Yayanmu ne, babban ɗansa da ke Kano. Shi kuwa ɗan fari ne, kuma gidanmu ana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, "wancan" take cewa. Malam kuma "mutumin Kano". In suna da magana da shi, ko yana tsaye a gabansu, ta bakin ɗayanmu take bi. A ce Malam ya zauna gaban likita ya faɗi wannan lalura ɗan farinsa yana ji? Tabɗi.

Shi Yaya kayan gyaran babura yake sayarwa. Ƙato ne, muryarsa tana riga shi shiga gida. A hannun kakarmu ya tashi, kuma tun da ba a yi masa wasa irin na sauran 'ya'ya ba, sai ya koyi nuna ƙauna da ɗauko kaya. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, kuma bai taɓa kawo abin da aka ce ana so ba. Ya taɓa kawo mana fanka a shekarar da muka manta kalar wutar lantarki. Ya kawo wa Inna tukunyar da ke yin fito in abinci ya nuna, ta ji tsoronta ta mayar da ita ma'ajiyar daddawa. Ina son Yaya, amma wani lokacin sai ka ji kamar ka ɗaure shi a turke.

Ran nan da rana sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya rungumo wata ƙatuwar jaka mai zif, da ƙyar ake ganin kansa. Ya dire ta a tsakar gida ya zuge. Abu ya kumburo ya fito, fari fat, da ɗan zare mai ruwan zinariya a gefe. Ya ce sunansa dubet. Ya ce ya ji Malam yana tari a waya, sanyi ne ke shigar masa ƙirji, wancan tsohon bargon nauyi kawai gare shi ba ɗumi. Wannan kuwa, in ji shi, ba ka jin komai a jikinka amma sai ka yi gumi. Yana magana yana shafa shi, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa takalmin Sallah.

Na kalli Inna. Tana tankaɗe, hannunta ya tsaya cak a kan rariya.

Kafin mu ankara ya nufi turakar Malam, wai shi da kansa zai gyara gadon. Ban san lokacin da na miƙa wa Inna jaririya na riga shi shiga ba, ni da aka hana ni ko saurin tafiya. Na fizge ledar na cusa a cikin hijabina. Ya shigo ya ga zannuwan, ya riƙe baki.

"Haba! Haba jama'a! Malam guda yana kwana a kan tsummokaran mata? Muna raye?"

Ya tattare su da bargon ya watso waje, ya ce a bai wa akuya ta kwanta. Inna ta juya wa ƙofar baya, ta yi magana da ni kamar shi yana Kano.

"Ki gaya wa wancan an gode, Allah ya yi albarka. A ajiye shi sai an yi baƙi."

"Ki gaya wa Inna," in ji shi daga cikin ɗaki, "wane baƙo ne ya fi Malam?"

"Ki gaya masa fari ne, ba ya jure ƙauye."

"Ki gaya mata ai shi ya sa yake da riga, ita ake cirewa a wanke."

Haka suka mai da ni 'yar aike a tsakar gida ɗaya. Da na ga Inna ta ƙare dabara sai na shiga da tawa. Na ce abin nan kuɗin cizo yake tarawa. Na ce wata maƙwabciyata a Gaya ta saya ya sa mata ƙaiƙayi. Na ce Malam ba ya son abu mai santsi. Ƙarya dai iri-iri, Allah ya yafe mini. Yaya ya ce baƙin ciki nake don ba ni aka kawo wa ba, in kwantar da hankalina nawa yana tafe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa shi dai kullum sai ya zo ya hargitsa wa mutane gida ya tafi. Sai ga hawaye. Ya yi dariya ya ce jego ne, haka matarsa ma take yi.

Ana cikin haka Malam ya shigo daga zaure. Ya tsaya a bakin ƙofarsa ya dubi gadon. Ya sa hannu ya taɓa, ya daɗe yana taɓawa. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. Amma ta yaya zai mayar da kyautar ɗansa, ɗan yana tsaye yana jiran a yaba?

"Madalla," in ji Malam, yana kallon dubet ɗin. "A gaya wa mutumin Kano Allah ya yi masa albarka."

Yaya ya ce amin har da shafa fuska. Ya kuma sanar cewa kwana zai yi, don ya ji da kunnensa yadda Malam zai yabi abin da safe.

Daga La'asar ɗin ranar Malam bai ƙara sa ruwa a bakinsa ba. Na dama masa fura ya ce cikinsa a cike yake. Aka kawo shayi bayan Magariba ya ce a bai wa baƙo. Tuwo ma loma kaɗan ya yi, ya ƙi miyar. Ina kallon tsoho yana haɗiyar yawu da ƙishirwa don kada ya ɓata kyautar ɗansa, na shiga ɗaki na rungume 'yata na yi kuka mai isata. Inna ta samu ta mayar da ledar da zannuwa a ƙasa lokacin da maza suka tafi sallar Isha, ta kuma sa zani ɗaya tsakaninsa da dubet ɗin. Iyakar abin da za ta iya ke nan, don Yaya a ɗakin da ke jikin turakar ya sauka, kuma sai da ya leƙa ya ga an rufa da abinsa.

Da asuba Malam ya yi wankansa kamar kullum, suka fita masallaci shi da Yaya. Inna ta leƙo ɗakina ta yafito ni da hannu. Da na ga fuskarta ban tambaya ba.

Zanin da ta sa a tsakani ya zame ya koma gefe, rigar dubet ɗin santsi gare ta. Tsakiyarsa ya jiƙe, ya ratsa rigar ya shiga audugar. Muka cire rigar muka ga ba ta tare komai ba. Muka mayar. Muka gwada cusa shi a baho, muna dannawa yana tasowa kamar ƙullin da ya kwana. A tura shi ƙarƙashin gado? Yaya zai tambaya, kuma wari zai tona. A wanke? Wannan abu ba zai bushe a yini ɗaya ba, kuma igiya ba za ta ɗauke shi ba sai dai a baza shi a kan katangar zaure, inda duk mai wucewa zai gani, washegarin ranar da gari ya ji an kawo shi sabo. Na ce mu ce jaririya ce. Inna ta ce jaririyar da ba ta fi tafin hannu ba, kuma me ya kai ta gadon kakanta? Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta rasa abin yi ba sai ranar, kuma hakan ya fi komai tsorata ni.

Mun sha'afa cewa Malam ne kaɗai ke zama wuridi har rana ta fito. Sai sallamar Yaya muka ji a bakin ƙofa, da fara'arsa.

"To, ya aka ji da kayan Kano?"

Ya ɗaga labule. Ina riƙe da gefen dubet ɗin, Inna tana riƙe da leda. Ya dubi ledar. Ya dubi zannuwan da ke dunƙule a ƙasa, irin waɗanda ya watsar jiya. Ya dubi tsakiyar dubet ɗin. Inna ta juya ta fuskanci bango. Na ga fara'ar tana sauka daga fuskarsa a hankali, har ya koma kamar wani mutum dabam. Da ya yi magana, ban taɓa sanin yana da ƙaramar murya irin wannan ba.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bara."

"Gwiwar fa?"

Na girgiza kai. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Daidai nan Iya ta rafka sallama a tsakar gida. Iya ita ce ungozomar unguwarmu, ita ke zuwa kowace safiya ta yi wa jaririya wanka ta duba nawa. Mutuniyar kirki ce, ita ta yanke mini cibiya, amma da labarin gidaje take shigowa kuma da namu take fita, ba da mugunta ba, haka Allah ya yi ta.

"Ina abin nan da aka ce an kawo wa Malam daga birni?" in ji ta. "Wai bargo mai riga! A fito da shi in gani kafin in mutu."

Na ji tana matsowa, takalminta yana jan ƙasa. Wallahi na sadaƙar.

Yaya ya sa hannu ya karɓe dubet ɗin daga wurina. Ya ninke shi, jiƙaƙƙen wurin ya koma ciki, ya saɓa a kafaɗa. Ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya bankaɗa labule ya fita da tsohuwar muryarsa, har kaji suka watse.

"Iya! Ashe kina nan da ranki? Zo ki ga abin da ko a mafarki ba ki taɓa rufa da shi ba!"

Na biyo shi na tsaya a bakin ƙofa. A kan turmi akwai ƙaton kwanon kunun kanwata, wanda Inna ta sauke ta ajiye ya huce, yana ta tururi. Yaya ya ce kai, wannan ƙamshi, bari ya ɗanɗani kunun masu jego ya ji abin da ake ɓoye wa maza. Iya ta ce ya ajiye, ba nasa ba ne. Ya ɗauka da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuma ya sauko da dubet ɗin yana buɗe bakin ninkin, wai zai nuna mata cikinsa. Iya ta ga tuntuɓe, haka ta riƙa ba da labari daga baya, har tana nuna dutsen da ya taka. Ni kuwa daga inda nake na ga komai. Babu wani tuntuɓe. Ya zura kwanon cikin ninkin ya kifar da shi, daidai wurin, ya kuma matse da hannunsa don kunun ya ratsa. Ina ganin yadda ya kwarara a kan wuyan hannunsa, bai ko janye ba.

"Wayyo dubet ɗina!" Ya kwarma ihu. "Wayyo kuɗina! Iya, bakinki ne!"

Iya ta saki salati ta riƙe kai, sannan dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a ƙasa. Tsakar gida ta game da ƙamshin kanwa da citta da barkono, ba ka jin komai sai shi. Farin abu ya koma kamar an tsoma shi a kwata.

Sai ga Inna ta fito. Ta dubi dubet ɗin, ta dubi hannun Yaya, ta gane. Ta ɗaure fuska ta juyo gare ni ta fara faɗa, irin faɗan da ake ji har gida na uku.

"Ki gaya wa wancan, tun yana yaro hannunsa ba ya riƙe abu! Ki tambaye shi wa ya aike shi kunun mai jego! Ƙato da shi, da gemu, ya zo ya ɓarar wa yarinya da abin karyawa, ya lalata wa bawan Allah mayafi kwana ɗaya tak!"

Tana faɗa hawaye na zuba. Iya ta tashi tana ba ta haƙuri, tana cewa haba, don mayafi kike kuka, ai wankewa za a yi. Yaya ya sunkuyar da kai kamar mai laifin gaske. Da na ɗaga ido sai na ga Malam a ƙofar zaure, da carbi a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya wuce turakarsa.

Yaya da kansa ya yi wankin. Ya naɗe wando ya ja ruwa a rijiya, ya shiga baho yana tattaka dubet ɗin da ƙafa. Inna tana daga gindin murhu tana aiko ni: ki gaya masa ya zubar ya sake, ki gaya masa ya kwarara ruwa ta tsakiya har sai ya fito garau. Iya ta ce wannan ɗauraya kamar ana tsarkake najasa, Inna ta ce ai kanwa ce, in ba a yi haka ba cin tufa take. Aka kira mutum biyu suka taya shi matsewa, aka baza a kan katangar zaure.

Kafin Azahar duk Toranke ta ji. Masu wucewa suna tsayawa kallo, ɗaliban Malam suna yi wa Yaya jaje suna danne dariya. Har aka laƙaba masa Mai Kunu, kuma sunan ya bi shi shekaru. Shi kuwa ya je teburin mai shayi ya zauna yana ƙara wa labarin gishiri, wai kwanon ne ya yi tsalle. Inna ta yanke hukunci a gaban Iya, cewa gidan da ake shan kunu ba gidan dubet ba ne, in ya bushe a bai wa mai jego ta tafi da shi Gaya. Yana nan a wurina har yau, da ɗan tabo rawaya-rawaya a tsakiya wanda ya ƙi fita.

Da tsakar rana, gida ya yi shiru, Malam yana zaure, na ga Yaya ya ɗauko tsohon bargon daga inda ya watsar da shi ya kakkaɓe. Ya kira ni turaka ya ce in nuna masa yadda Inna take jerawa. Na nuna masa, leda tukuna, sannan zannuwa, a soke gefe kada ta yi ƙara. Ya yi da kansa, da hannun hagu, don na dama ya tashi ya yi bororo, yana ta ɓoye shi a hannun riga. Na ce ya bari in sa masa wani abu. Ya ce in rabu da shi, ba komai. Na ce masa abin da na faɗa jiya bai kai zuci ba. Ya ce ai gaskiya na faɗa, kuma in daina surutu in miƙo masa wancan zanin.

Bayan La'asar ɗalibai suka watse, Malam ya shigo ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ɗaki, abin da ba ya yi a wannan lokacin. Ya ce in kawo masa amaryarsa, wato 'yata. Na ɗora masa ita a cinya. Inna tana tsintar wake a ƙofar ɗakinta. Yaya yana zaune can gefe a kan turmi, yana danna waya da hagu. Malam ya daɗe yana wasa da yatsun jaririyar. Sannan ya yi gyaran murya, idonsa a kanta.

"Ki gaya wa mutumin Kano, gobe in zai koma ya samo mana mota. Zan bi shi in ga likita."

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Na juya na maimaita wa Yaya kamar bai ji ba. Ya ce to, ba tare da ya ɗago ba.

Malam ya ce in shiga turaka, a kan taga akwai kwalbar zuma, in ɗauko. Na ɗauko na durƙusa na miƙa masa. Ya ba ni jaririyar ya karɓi kwalbar, ya buɗe ta a hankali.

"Kawo hannun," in ji shi.

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Yaya ya taso ya zo ya tsuguna a gaban buzun. Malam ya kama hannun ya janye rigar, ya dubi ƙunar, ya ce, "Kunun da zafi. Ina tsaye ka juya shi." Ya lakato zuma da yatsa yana shafawa a hankali, yana hura masa iska da baki. Yaya ya kawar da fuska wajen katanga, kafaɗunsa suna rawa, Malam kuwa bai saki hannun ba.